Masu Tufkar Igiya na Kwarin Kanwa

Bari mu fara daga gida. A watan Maris na 1851 wani matafiyi Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya ratsa ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya sauka a Gumel a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Ya tarar da gari mai rai, fatake suna sauke kanwar da aka ɗauko daga ƙasar Barno, waɗansu kuma suna ɗaura ta za su yi yamma da kudu da ita. Da ya sake biyowa a ƙarshen 1854, sai ya iske rikicin sarauta ya ci garin, inda dā ake hada-hada ya koma kufai. Shekara huɗu ba su cika ba tsakanin ganin farko da na biyu.

Haka zaman wannan yanki ya daɗe yana tafiya. Masarautar Gumel, wadda Sule Tankarkar da Maigatari da Gagarawa suke cikinta, ta kafu tun wajen 1750. Barno take kai wa gaisuwa, ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, saboda haka ta zauna a tsakiyar masu ƙarfi, Haɗeja ta gabas, Damagaram ta arewa, kowace shekara ana sauraron ta inda mahaya za su ɓullo. Turawa suka zo a 1903, yaƙi ya kwanta, haraji na tsabar kuɗi ya tashi. Yunwar Kakalaba ta 1914 ta bi. A 1930 jirgin ƙasa ya isa Nguru ta Gagarawa, ya kawo cinikin gyaɗa, ya kawo bashin da yake tafiya tare da cinikin gyaɗa. Tsofaffinmu kuwa har yanzu suna ƙidayar shekarunsu daga farin 1973 da na 1984.

Kai ma ka san taka. Hadari ya haɗo a watan Yuni, ka yi shuka, sai ruwa ya ɗauke kwana ashirin. Buhun taki ya fi ƙarfin aljihu. Ka kai ɗan bijimi kasuwar Maigatari ranar Alhamis, dillali ya taya abin da bai kai kuɗin dusar da ya ci ba. Da dare jiki ya kwanta, zuciya ta ƙi kwanciya, tana ta maimaita lissafin da ta riga ta yi sau goma da rana. Mutanen da suka riga mu, waɗanda nauyinsu bai gaza namu ba, me suka yi da zuciyar da ta ƙi kwanciya? Kanwar nan ta kasuwar Gumel ita za ta yi mana jagora zuwa wurin waɗansu da suka ba da ransu dukka ga wannan tambaya.

A ƙasar Masar, kimanin kilomita 100 arewa maso yamma da Alƙahira, akwai wani kwari a cikin hamada mai tafkuna masu gishiri. Larabawa suna kiransa Wadi Naɗrun, ma'anarsa Kwarin Kanwa, gama daga nan Masarawan dā suke haƙo kanwar da suke shirya gawa da ita. Wajen shekara ta 330 bayan haihuwar Almasihu wani mutum mai suna Makariyos, wanda aka ce dā raƙuman fataucin kanwa yake kora, ya shiga kwarin nan ya haƙa wa kansa ɗaki. Mutane suka bi shi. A Nitiriya da ke kusa, wani marubuci mai suna Faladiyos ya ce ya tarar da masu zuhudu kimanin 5,000, ya ce kuma idan la'asar ta yi ka tsaya a fili, sai ka ji sautin Zabura yana tashi daga kowane ɗaki.

Kada ka ɗauka malamai ne ko attajirai masu hutu. Yawancinsu manoma ne na bakin Kogin Nilu, da makiyaya, da waɗanda ba su iya karatu ba. Zamaninsu zamani ne na haraji mai tsanani a ƙarƙashin Rumawa, har ma kalmar Girkanci da aka riƙa kiran janyewarsu zuwa jeji da ita, tun asali ana faɗinta ne ga manomin da ya gudu daga ƙauye saboda haraji. Kakanninmu da suka riƙa tsallaka iyaka tsakanin mulkin Ingila da na Faransa lokacin bugun gandu, da sun gane wannan kalma ba tare da tafinta ba.

Babbansu duka shi ne Antoniyos, wanda aka haifa wajen 251, ya rasu a 356. Yana saurayi ya ji an karanta labarin saurayin nan mai dukiya na Bisharar Matiyu, ya fita ya rabar da gonakin gadonsa, ya shiga jeji. Abin da nake so ka lura da shi ya zo ne bayan wannan. Da ya rabu da gona da maƙwabta da mai karɓar haraji, sai ya tarar damuwa ta riga shi isa jejin, tana zaune tana jiransa. An ba da labari cewa wata rana gundura da duhun tunani suka rufe shi, ya yi kuka ga Allah cewa yana son tsira amma tunaninsa ba ya barinsa. Da ya fita waje kaɗan, sai ya ga wani mai kama da shi yana zaune yana tufka igiya. Can mutumin ya miƙe ya yi addu'a, ya koma ya zauna ya ci gaba da tufka, ya sake miƙewa ya yi addu'a. Aka sanar da Antoniyos cewa mala'ika ne, cewa kuma abin da ya gani shi ne maganin. Masu tara maganganun dattawan jeji sun sa wannan labari a farkon littafinsu, ina kuwa ganin sun san abin da suke yi. Mutum ya roƙi a cire masa tunani, aka nuna masa igiya.

Daga nan rayuwar jeji ta sami siffarta. Mai zuhudu yakan jiƙa ganyen dabino, ɗan'uwan kabar da muke saƙa tabarma da faifai da ita, ya zauna yana tufka igiya ko saƙa kwando, bakinsa yana motsi da aya. A kudancin Masar, Bakomiyos, wanda ya kafa gidan zuhudu na farko na zaman tare a Tabanisi wajen 320, ya sa doka cewa duk baƙon da ya zo shiga, sai a ba shi Zabura ashirin ko wani sashe na Littafi ya haddace, in bai iya karatu ba a koya masa ko ba ya so. Sa'an nan ana bukatarsa ya riƙa maimaita abin da ya haddace sa'ad da yake tafiya wurin sujada, da sa'ad da yake kwaɓa gurasa, da sa'ad da yake komawa ɗaki. Wannan maimaitawa a hankali, da murya ƙasa-ƙasa, ita suke nufi da abin da mu muke kira bimbini. Suka kwatanta ta da tuƙar saniya, wadda takan yi kiwo da hanzari da safe, sa'an nan ta kwanta a inuwa ta dawo da ciyawar baki ta tauna ta a tsanake. Ko kalmar Ibrananci da Zabura ta farko da Littafin Joshuwa suka yi amfani da ita ga mai bimbinin shari'ar Ubangiji, ita ce annabi Ishaya ya faɗa ga kukan kurciya da gurnanin zaki a kan abin da ya kama. Abu ne da ake yi da leɓe da numfashi.

Dubi kalmar tamu ta Hausa. Idan aka ce wane yana ta bimbinin wata magana, ana nufin ya kasa sakinta, yana juya ta, yana komawa kanta. Watau mai damuwa ya riga ya ƙware a bimbini, ba ya bukatar malami. Wanda ya kwana yana juya maganar da surukinsa ya faɗa masa a gaban mutane, ya yi tuƙa dare guda cur. Dattawan jeji sun gane cewa ba a hana zuciya tauna, kamar yadda ba a hana dutsen niƙa niƙa muddin ana juya shi. Yohanna Kasiyan, wanda ya zauna a cikinsu, ya kawo wannan misali na dutsen niƙa da ruwa yake juyawa: mai niƙa ba shi da ikon tsai da dutsen, amma shi yake zaɓen ko alkama zai zuba ko ƙaiƙayi.

Waɗansu dabarunsu za su ba ka murmushi. Wani Bulus na Ferme ya ɗaukar wa kansa addu'a 300 kowace rana, sai ya riƙa tara tsakuwa 300 a cinyarsa, in ya gama ɗaya ya jefar da ɗaya. Ka ga carbi tun bai sami zare ba. Wani Bulus ɗin kuma yana zaune a wuri mai nisan kwana bakwai daga gari, kuɗin dakon kwandunansa ya fi kuɗin kwandunan, yana kuwa da dabino da ɗan lambu da suke ciyar da shi. Duk da haka kowace rana sai ya saƙa adadin da ya yanka wa kansa, in shekara ta ƙare kogon ya cika, ya cinna wa kwandunan wuta ya sake farawa. Manomi zai ce wannan ɓarna ce, ni ma da na ga hayaƙin da na ce haka. Amma tsohon ya san hannun da ba ya aiki yakan bar zuciya ta yi ta yawo.

Wanda ya fi kowa rubuta ciwon a fili shi ne Ibagriyos, mutumin Fontus, masani wanda ya bar babban birnin Kustantiniya ya zo ya zauna a ƙarƙashin manoman nan har ya rasu a 399. Ya lissafta tunani takwas da suke kai wa mutum hari: zarin ci, sha'awa, son kuɗi, baƙin ciki, fushi, kasalar zuciya, son yabo, da girman kai. A kan kasalar zuciya ya fi daɗewa, ya kira ta aljanin tsakar rana, yana ɗauko sunan daga Zabura 91. (Iyayenmu mata da suke hana yara zuwa gindin tsamiya da rana tsaka, da sun gyaɗa kai.) Ya ce takan zo daga hantsi zuwa azahar. Sai mutum ya ga kamar rana ta tsaya cik, yini ya zama sa'a hamsin. Ya riƙa leƙa taga, ya fita ya duba rana, ya duba ko wani yana zuwa. Sa'an nan ya tsani wurin da yake, ya tsani aikin hannunsa, ya tuna duk wanda ya ɓata masa rai kwanan nan, ya fara raya cewa a wani gari sana'a ta fi sauƙi, cewa ai Allah yana ko'ina, me zai hana ya tashi.

Karanta wannan a watan Afrilu a Sule Tankarkar, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, zafi ya hana aiki, samari sun tafi cin rani, ka gaya mini ko mutumin nan bai san mu ba. Abin da kawai ya sauya shi ne tagar. Tamu tana cikin aljihu, muna leƙa ta sau ɗari kafin azahar. Maganin da ya bayar ba shi da ado: kada ka bar ɗakinka a sa'ar da tunanin yake ce maka ka bar shi; ka yanka wa kowane aiki gwargwado, kada ka tashi sai ka cika shi; ka raba ranka biyu, rabi ya zama mai ta'aziyya, rabi mai karɓa, yadda mai Zabura 42 ya juya ya yi wa ransa tambaya a kan dalilin karayarsa, ya umarce shi ya sa zuciya ga Allah.

Akwai labari guda daga jejin nan wanda duk matar da ta taɓa ɗebo ruwan kududdufi za ta fahimta kafin a ƙarasa shi. Abokai uku suka zaɓi hanyoyin bauta. Na farko ya ce zai riƙa sulhunta masu faɗa, na biyu zai yi jinyar marasa lafiya, na uku ya tafi jeji. Na farko ya gaji, gama faɗan mutane ba ya ƙarewa. Ya je wurin na biyu, ya same shi shi ma ya karaya. Suka tafi wurin na uku suka zayyana masa. Bai ba su amsa ba, sai ya zuba ruwa a kasko ya ce su duba, suka ga ruwa a gurɓace. Bayan an jima ya ce su sake dubawa, sai ga laka ta kwanta, suna ganin fuskokinsu. Kalmarmu ta natsuwa ma daga nan take, abin da yake yawo a sama ya nutse ya koma ƙasa. Ba a tace ruwan ba, ba a sa masa magani ba, an dai daina girgiza shi. Ka kuma lura cewa abin da suka gani fuskarsu ce, da duk abin da ke jikinta. Shi ya sa da yawa daga cikinmu muke tsoron shiru.

Ke kuwa 'yar'uwa, kada ki ce wannan zancen maza ne. Akwai iyaye mata a jejin, cikinsu har da Sinkiletika ta Iskandariya. Ita ce ta ce mai fara wannan hanya kamar mai hura wuta ne, hayaƙi yakan fara shaƙe shi ya sa shi hawaye kafin ya sami ɗumin da yake nema. Ta kuma faɗi abin da ya kamata ya kwantar da hankalin wanda ba shi da halin barin gida: mutane da yawa suna kan dutse amma zuciyarsu tana kasuwa, wani kuma yana tsakiyar taro zuciyarsa tana keɓe.

Yadda abin ya bar Masar ba zai ɗauke mu lokaci ba. Kasiyan ya koma Marsel ta ƙasar Faransa wajen 415, ya rubuta abin da ya ji. Cikin abin da ya rubuta har da shawarar wani dattijo Ishaku, cewa mutum ya riƙe aya guda, ayar farko ta Zabura 70, wadda roƙo ce ga Allah ya gaggauta kawo taimako, ya riƙa juya ta a wurin aiki, da kan hanya, da lokacin cin abinci, har barci ya ɗauke shi a kanta. Benedikt na Italiya ya karanta Kasiyan, ya tsara wa mabiyansa yini a ƙarni na 6, sa'o'in aikin hannu daban, sa'o'in karatu a natse daban. A ƙarni na 12 wani Gigo ya mai da shi tsani mai hawa huɗu, karatu da bimbini da addu'a da hutawa a gaban Allah, ya kwatanta su da sa loma a baki, da taunawa, da jin ɗanɗano, da daɗin da yake ƙosarwa. Idan kuwa kana cewa wannan kayan Katolika ne, to, ka sani Martin Luther da kansa a 1535 ya rubuta ɗan littafi a kan addu'a domin wanzaminsa, Bitrus. Ya koya masa ya ɗauki roƙo ɗaya na Addu'ar Ubangiji ko doka ɗaya ya tsaya a kai, in tunani mai kyau ya zo ya bar sauran ya saurara. Ya kuma ba shi misali daga sana'arsa, cewa wanzamin da yake aski yana surutu yana kallon wani wuri, zai yanke hancin mai aski, ko ma maƙogwaronsa.

Kafin ko ɗaya daga cikin wannan ya iso ƙasar Hausa ta hannun masu bishara, maƙwabtanmu Musulmi sun daɗe da tasu hanyar. Kalmar halwa tsohuwa ce a bakinmu, mutum ya keɓe a ɗaki kwanaki, ya rage ci da barci da magana, ya lazimci ambaton Allah. A Abzin ana tunawa da Sidi Mahmud Albagdadi na ƙarni na 16 da almajiransa masu zikiri a cikin duwatsu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, Baƙadire ne, wuridi yana cikin rayuwarsa tun yana Degel. Tijjaniyya ta sami gindin zama bayan zaman Alhaji Umaru Futi a Sakkwato a shekarun 1830, ta bazu ƙwarai bayan haɗuwar Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Shehu Ibrahim Inyas a 1937. Batijjane yana da lazimi safe da yamma: istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari. Ka sha ganin tsoho a kan buzu bayan asuba, ya fuskanci gabas, carbi yana tafiya a yatsunsa, ka gaishe shi ya ɗaga maka hannu kawai. Abin da yake furtawa da abin da muke furtawa ba ɗaya ba ne, shi ma ba zai ce ɗaya ne ba. Amma ya keɓe lokaci, ya zaunar da jiki, ya ba harshe gajeriyar magana, ya hana a katse shi. Bulus mai tsakuwa 300 da ya gan shi da ya gane abin da yake yi.

Bishara ta daɗe kafin ta iso wannan gefe, gama gwamnatin Turawa ta hana masu mishan shiga masarautu sai da yardar sarakuna. Mishan ɗin SIM, wanda mutanensa uku na farko suka sauka a Ikko a 1893, ya riga ya buɗe aiki a Damagaram a 1924 kafin ƙofa ta buɗe sosai a wannan gefen iyaka, ta hanyar asibitocin kutare irin na Yadakunya kusa da Kano a 1937. Littafi Mai Tsarki dukansa ya fito da Hausa a 1932. Mutanen mishan ɗin nan ba masu son zuhudu ba ne, da ka ambaci Antoniyos da sun ɗaure fuska. Amma sun zo da wata al'ada da ta yaɗu a cikin ɗaliban Ingila tun shekarun 1880, ta tashi da sassafe a keɓe da Littafi kafin a yi magana da kowa, sun kuma zo da haddar aya. Haddar nan ta yi abin da su kansu ba su zata ba. Na girma ina ganin tsofaffin matan Zumuntar Mata waɗanda ba su san baƙi ko ɗaya ba, aya guda da aka biya musu ranar Lahadi ita za su yi ta juyawa mako guda, a bakin turmi, a kan hanyar rijiya, a wurin tsinkar zoɓo. Ba wanda ya gaya musu cewa dokar Bakomiyos suke bi.

A nan zan faɗi abin da yake damuna. Mu jikokinsu mun riƙe rabin gadon, rabin mai ƙara. Muna da lasifika da janareta da kwanan addu'a, ba na kuwa raina su, gama akwai lokacin ɗaga murya. Amma mutum yakan shiga sujada da kai mai zafi ya fito da kai mai zafi, bai sami minti biyu na shiru ba tun daga waƙar farko har albarka. In wani ya ce a zauna a yi shiru a maimaita aya guda, sai a ce ai wannan na masu carbi ne, ko na Indiyawa, a jawo gargaɗin Ubangiji a Matiyu sura 6 a kan yawan maimaita magana. Gargaɗin nan yana kan masu zaton yawan kalmomi zai tilasta wa Allah ya ji. Shi wanda ya yi gargaɗin, Markus ya shaida yakan tashi tun da sauran duhu ya tafi inda ba kowa, ya kuma janye almajiransa su huta sa'ad da taro ya hana su ko cin abinci. A Getsamani, daren da nauyi ya fi kowane nauyi, Matiyu ya ce sau uku ya koma yana faɗin magana ɗaya.

Likitoci sun zo daga baya sun auna. A Jami'ar Harbad ta Amurka, Walter Cannon ya bayyana tun 1915 yadda jiki yake shiri idan ya ji haɗari: zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, jini ya hau, domin mutum ya yi faɗa ko ya gudu. Shirin nan yana da amfani in kura ce a gabanka. In bashi ne, babu wanda za ka buga, babu inda za ka gudu, sai jiki ya zauna a ɗaure wata da watanni. A jami'ar nan dai wani likitan zuciya, Herbert Benson, ya gwada masu bimbini irin na Indiya, ya ga bugun zuciyarsu da numfashinsu suna sauka, iskar da jikinsu yake ci tana raguwa. A littafinsa na 1975 ya ce abin ba na addini guda ba ne, abu huɗu ake bukata: wuri mai shiru, zama mai daɗi, kalma ko gajeriyar addu'a da za a riƙa maimaitawa tare da numfashi, da kuma halin barin tunanin da ya kutso ya wuce ba tare da kokawa da shi ba, a koma kan kalmar. Minti goma zuwa ashirin, sau ɗaya ko biyu a yini. Ya riƙa shawartar marasa lafiyarsa su zaɓi kalmar daga bangaskiyarsu. A shekarar nan ta 1975 kuma wani ɗan zuhudu mai suna John Main, wanda ya fara koyon zaman shiru a wurin wani malamin Hindu a Malaya, ya buɗe wurin koyar da bimbini a Landan, bayan ya gano cewa abin da ya je nema a gabas yana nan cikin Kasiyan tun shekara 1,500 da suka wuce.

Kada in yi maka alkawarin da dattawan ba su yi ba. Bimbini ba ya biyan bashi, ba ya saukar da ruwa, ba ya rage kuɗin taki. Su kansu masu jejin sai sun kai kwandunansu kasuwa, da kaka kuma su sauka gonakin bakin Nilu su yi ƙodagon girbi. Ba su kuma ɗauki natsuwa a kan ita ce ƙarshen tafiya ba, Allah suke nema, natsuwar tana zuwa a hanya, wani lokaci ma hayaƙin Sinkiletika ne kawai na watanni. Sun kuma hana mutum ya ɓoye tunaninsa, dole ne ƙarami ya je ya buɗe wa dattijo abin da yake cinsa. Saboda haka wanda barci ya ƙaurace masa makonni, abinci ya fita ransa, ko ya fara jin gara ya mutu, kada ya rufe ƙofa ya ce zai yi bimbini shi kaɗai. Ya faɗa wa fasto ko wani babba, a kai shi asibiti, akwai na masu ciwon ƙwaƙwalwa a Kazaure. Mai hawan jini kuma ya ci gaba da shan maganinsa.

Kwarin Kanwa ma bai tsira daga abin da Gumel ta gani ba. Wajen 407 mahara daga hamadar yamma suka afka masa. Cikin waɗanda suka kashe har da Musa Baƙi, mutumin Afirka baƙar fata irinmu, wanda dā shugaban 'yan fashi ne, shi ne kuma ya taɓa sallamar wani mai neman shawara da cewa ya koma ya zauna a ɗakinsa, ɗakin zai koya masa kome. Aka watse, aka dawo, aka sake kai hari, aka gina ganuwa. Daga gidajen zuhudu masu yawa saura huɗu a yau, na Makariyos, da na Bishoi, da na Suriyawa, da na Baramus. A 1969 tsofaffi shida kaɗai suka rage a gidan Makariyos, gini yana zubewa, sa'ad da wani tsohon mai harhaɗa magani, Matta Almiskin, ya iso da 'yan'uwa goma sha biyu. Suka gyara ɗakunan, suka haƙa rijiyoyi, suka mai da rairayi gona. Masu zuhudu a gidan sun haura ɗari daga baya, ana kuma buga musu ƙararrawa tun kafin asuba, su yi Zabura, gari ya waye kowa ya nufi aikinsa.